Zan bar aiki a Jidda in koma Riyad: kwana nawa ne wa'adi, kuma ya zan yi da gidan haya?

Bakano_Sito:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga waɗanda suka san kan abin, don kaina ya ɗaure. Shekarata shida da wata takwas ina aiki a wani kamfani a nan Jidda, ni ke kula da sitonsu. Allah ya kawo mini wani aikin a Riyad, albashin ya fi na nan, kuma sun ce suna so in fara nan da wata ɗaya ko biyu. Akadina, wato kwantiragin aikina, da ke Qiwa (manhajar ma'aikatar ƙwadago ta Saudiyya) saura wata huɗu ya ƙare. Na tambayi abokan aiki, wani ya ce kwana 60 ake ba kamfani kafin a tafi, wani ya ce an mayar da shi 30, wani kuma ya ce mu baƙi ba mu da wannan maganar, sai akadi ya ƙare.
Sai kuma batun gida. Shiƙƙar, wato fulat ɗin da nake ciki da iyalina, akadinta na Ejar (manhajar gwamnati ta rajistar haya) saura kwana 70. Mai gidan dattijo ne, shekara huɗu muna tare ko sa-in-sa ba mu taɓa yi ba. Ban gaya masa komai ba tukuna, ina jira aikin ya tabbata. Wa ya taɓa shiga irin wannan? Ta ina zan fara?

Direban_Dammam:
Wa alaikumus salam. Kwana 60 ne ɗan'uwa. Na bar wata mu'assasa, wato ƙaramin kamfani, a 2022, wata biyu cif na yi musu bayan na miƙa takarda. Allah ya sa alheri ne ya kira ka.

Akawu_Madina:
Malam Direba, a lokacinka haka dokar take, amma an taɓa ta. Tun watan Fabrairun 2025 gyaran dokar aiki ya fara aiki. Madda (wato sashe) ta 75 yanzu ta ce mai albashin wata idan shi zai tafi kwana 30 zai bayar, idan kuma kamfani ne zai sallame shi, kwana 60. To amma a lura, wannan maddar tana magana ne a kan akadin da ba a yanka masa lokaci ba. Mu da ba 'yan ƙasa ba, madda ta 37 ta ce akadinmu dole ya zama a rubuce kuma mai lokaci. Ko an manta ba a rubuta lokacin ba, shekara ɗaya ake ɗaukarsa, yana sabuntuwa. Ke nan abokin aikinka na uku shi ya fi kusa da gaskiya, ko da yake ya tsananta.
Bakano_Sito, buɗe Qiwa yau ɗin nan ka sauke akadin ka karanta shi da kanka. Wuri biyu za ka nemo. Na farko, kwana nawa aka ce ka sanar kafin ya ƙare idan ba ka so a sabunta. A nawa 30 aka rubuta, na ga na wasu 60. Na biyu, ko an rubuta diyyar da wanda ya katse akadi zai biya.

Hajiya_Aziziyya:
Ku ɗan dakata da maganar aikin nan, gidan ya fi gaggawa. Ka ce saura kwana 70? To kwana goma kawai ya rage maka. Tun Satumban 2025 aka ce akadin haya yana sabunta kansa a duk biranen Saudiyya idan babu wanda ya sanar da ɗan'uwansa kwana 60 kafin ya ƙare. Idan ka zauna jiran aiki ya tabbata, za ka wayi gari an ɗaura maka wata shekarar a Jidda kai kuma kana Riyad. Kuma sanarwar a cikin Ejar za ka yi ta, ba da baki a ƙofar masallaci ba.

Bakano_Sito:
Innalillahi. Hajiya wallahi ban san da wannan ba. Ni a tunanina wata ɗaya ya isa, kamar yadda aka saba.

Hajiya_Aziziyya:
Da yawa haka suke zato. Ƙanwata a bana ta faɗa ciki, kwana huɗu kawai ta makara. Sai da aka haɗa da roƙo da manya kafin mai gidan ya yarda suka soke, ita ma sai da ta bar masa kuɗin wata biyu. Akadin Ejar ba ya sokuwa da hannu ɗaya, sai ku biyun kun amince ko alƙali ya yanke. Kuma takardar tana da ƙarfin da mai gida zai wuce kai tsaye kotun zartarwa ta hanyar Najiz, manhajar ma'aikatar shari'a, ya nemi kuɗinsa, ba sai an yi doguwar shari'a ba.

Baba_Misfala:
Ɗana, na ji duk abin da suka ce, kuma gaskiya suka faɗa. Amma ni ga tawa. Mutumin da kuka yi shekara huɗu lafiya, bai kamata ya fara jin labarin tashinka daga saƙon waya ba. Je ka same shi bayan la'asar, ka gaishe shi, ka gaya masa halin da kake ciki, ka ce za ka danna rashin sabuntawa a Ejar don kada lokaci ya wuce, ba don wani abu ya faru tsakaninku ba. Sannan ka danna. Shekarata arba'in da wani abu a Makka, na zauna a gidajen haya sun fi goma, ban taɓa fita daga ɗaya ba tare da na yi sallama da mai shi ido da ido ba. Har yau akwai waɗanda 'ya'yansu ke gaishe ni a Harami.

Nas_Riyad:
Baba ya yi gaskiya, amma don Allah kar gaisuwar ta cinye kwana goman. A yi duka biyun a rana ɗaya.

Akawu_Madina:
Mu koma kan aikin, don akwai kuɗi mai yawa a nan da mutane ke zubarwa ba su sani ba. Bakano_Sito, idan ba damuwa, nawa ne albashinka gaba ɗaya har da kuɗin gida da na mota?

Bakano_Sito:
Riyal 5,000 ne duka.

Akawu_Madina:
To ga lissafin mukafa'arka, wato kuɗin sallamar ƙarshen aiki. Madda ta 84 ta ce rabin albashin wata a kowace shekara cikin shekara biyar na farko, sannan cikakken albashin wata a kowace shekara bayan nan, kuma da albashin ƙarshe ake lissafi. Idan ka haƙura akadi ya ƙare ka cika shekara bakwai, biyar na farko 12,500, biyun da suka biyo baya 10,000, jimla 22,500. Duka naka ne, domin akadi ne ya ƙare, ba kai ka ajiye ba.
Idan kuwa ka yi istiƙala, wato ka ajiye aiki da kanka, yanzu ka tafi bayan wata ɗaya, shekara shida da wata tara ke nan, lissafin ya kama 21,250. Amma madda ta 85 ta ce wanda ya ajiye aiki da kansa tsakanin shekara biyar da goma, kashi biyu cikin uku zai karɓa. Wato 14,167. Ka ga bambancin ya haura riyal 8,300 saboda wata uku kacal. Wanda ke tsakanin shekara biyu da biyar kashi ɗaya cikin uku ne nasa, wanda bai kai biyu ba ba shi da komai, wanda ya cika goma duka zai kwasa.
Wannan fa idan sun karɓi istiƙalar ke nan. Idan ka fice haka kawai ba dalilin da doka ta yarda da shi, madda ta 77 tana jiranka: in ba a rubuta wata diyya a akadi ba, albashin sauran lokacin da ya rage za a nema daga gare ka, kuma ba ya gaza na wata biyu.

Direban_Dammam:
Kai, ashe ni ma an ci ni. Shekara huɗu da wata goma na yi a wancan wurin, da na ƙara wata biyu da na haye biyar. Ba wanda ya gaya mini. Allah ya saka maka Malam Akawu.

Injiniya_Yanbu:
Ni ban yarda a ce ya zauna wata huɗu don 8,300 ba sai an san ƙarin da zai samu a can. Idan sabon wurin sun ƙara masa 2,500 a wata, cikin wata huɗu ya mayar da abin da ya rasa har da riba. Kuma aiki ba ya jiran mutum. Na ga wanda ya tsaya lissafin mukafa'a har aka ba wani gurbin, ya ƙare ba wan ba ƙanin. Gyaran 2025 ɗin nan da kuke magana ya kawo tsarin istiƙala a fili: ka miƙa a rubuce, idan kwana 30 suka wuce ba su ce komai ba, ta karɓu. Suna iya jinkirta karɓa har kwana 60 idan aiki ya buƙaci haka, amma sai sun rubuto maka dalili kafin talatin ɗin farko su cika. Kai ma kana da kwana bakwai da za ka iya janyewa matuƙar ba su riga sun karɓa ba.

Akawu_Madina:
Injiniya, ba mu saɓa ba a kan dokar. Abin da nake tsoro shi ne jinkirin da ka ambata. Idan mudirinsa, wato manajansa, ya ga dama ya yi amfani da shi, ai an kusa cinye wata huɗun, ga shi kuma an rubuta masa istiƙala maimakon ƙarewar akadi. Ya yi zaman, ya kuma rasa kashi ɗaya cikin uku.

Injiniya_Yanbu:
Wannan ya danganta da irin mudirin. Shi ya san mutumin da yake aiki da shi, mu ba mu sani ba.

'Yar_Zinder:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Duk wannan lissafin da kuke yi, mu masu aikin gida ya shafe mu? Shekarata uku a gida ɗaya a Ɗa'if, ina so in koma gida bayan azumi, uwar ɗakina ta ce ba zan tafi ba sai ta samu wata.

Nas_Riyad:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. A'a, dokar da suke karantowa ba ta hau kan masu aikin gida ba. Ku da direbobin gida da masu dafa abinci a gida kuna da naku tsarin daban, kuma akadinku a Musaned yake, manhajar masu aikin gida, ba a Qiwa ba. Ki nemi wanda kika yarda da shi ya buɗe miki ki ga ranar da akadinki zai ƙare. Idan ya ƙare kina da haƙƙin ki ce ba za ki sabunta ba, maganar sai ta samu wata ba sharaɗi ba ne a kanki. Amma ki gaya mata da wuri kuma ki tura mata a rubuce ko ta WhatsApp ne, ki ajiye hoton saƙon. Abin da nake roƙonki da shi, kar ki fita daga gidan da dare ki tafi wurin 'yan'uwa don ranki ya ɓaci. Da zarar an yi miki balagin hurub, wato an kai rahoton kin gudu daga aiki, komai ya dagule. Idan ta ƙi, ma'aikatar ƙwadago tana karɓar ƙorafin masu aikin gida.

'Yar_Zinder:
Na gode Anti. Ba zan gudu ba insha Allah. 'Ya'yana kawai nake son gani, ƙaramin yana rarrafe na baro shi.

Hajiya_Aziziyya:
Allah ya sada ki da su cikin alheri 'yata. Wani abu kuma, a mukafa'arku sai an cika shekara huɗu a jere ake ba da albashin wata ɗaya. Ki san da wannan kafin ki yanke shawara, amma ni dai ba zan ce uwa ta ƙara shekara nesa da ɗanta don albashin wata guda ba.

Bakano_Sito:
Na sauke akadin. An rubuta kwana 60 kafin ƙarewa idan ɗayanmu ba ya son sabuntawa. Wurin diyya kuma babu komai. Ke nan a nan ina da sauran wata biyu kafin ƙofar ta rufe, ko?

Akawu_Madina:
Haka ne, amma kar ka kai bakin layi. Duba kuma da wace kalanda aka rubuta akadin. Doka ta ce lissafin lokaci da Hijiriyya ne sai dai in akadi ya faɗi wani abu daban. Yawancin kamfanoni yanzu Miladiyya suke sawa, amma ka tabbatar, don shekarar Hijiriyya ta gaza da kimanin kwana 11, kuma mutum na iya makara da kwana biyu ko uku yana ganin yana cikin lokaci.

Mai_Shayi_Batha:
Ni tambayata, ka ga tayin sabon wurin a Qiwa da idonka, ko magana ce ta waya? Kar ka saki reshe ka kama ganye. A 2023 wani ya yi mini alƙawarin aiki a wani gidan abinci, na je na gaya wa kafilina, wato uban gidan da nake ƙarƙashinsa, zan tafi, shi kuma ya kawo wani a madadina. Da lokaci ya yi sai wancan ya ce mu'assasarsa ta faɗa ja, wato ba ta cika adadin 'yan ƙasa da ake so ta ɗauka ba, ba za ta iya ɗaukar baƙo ba. Kafilina ya riga ya rufe akadina. Kwana 60 ɗin da ake ba mutum ya nemi wurin naƙali (komawa ƙarƙashin wani kafili) ko ya yi huruj niha'i (barin ƙasar gaba ɗaya), na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ko barci ba na iya yi. Saura kwana tara Allah ya haɗa ni da wurin da nake yanzu. Tun daga nan ba na yarda da aikin da ban gan shi a waya ta ba.

Bakano_Sito:
Takarda suka turo mini ta imel da tambarinsu, amma a Qiwa ba su tura ba tukuna.

Mai_Shayi_Batha:
To ka ce su tura. Idan da gaske suke ba zai ɗauke su kwana biyu ba.

Ɗan_MaiWurno:
Ina karanta ku tun safe. Ni daga Sudan na zo. A can ma akwai doka, ta 1997, mai albashin wata wata ɗaya yake bayarwa, kuma na taɓa bin ta sau biyu. Amma a watan Afrilun 2023 da yaƙi ya tashi, ba wanda ya ba wani wa'adi. Na rufe ɗakina a Umdurman da kwado ina cewa sati ɗaya zan yi a wurin 'yan'uwa, har yau ban koma ba. Wurin aikin ma babu shi. Abin da ke damuna, mai gidan yana bina kuɗin wata biyu tun kafin yaƙin, lambarsa ba ta shiga, ban san ko yana raye ba. Na tara kuɗin na ajiye. Malamai a nan, ya zan yi da su?

Malam_Kuba:
Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya saka maka da wannan niyya. Bashi ne, kuma yana nan a wuyanka har ya isa ga mai shi ko magadansa. Ka ci gaba da cigiya ta hanyar maƙwabta da mutanen unguwar da suka watsu, da yawansu suna Masar, wasu suna Port Sudan, wasu suna nan tare da mu. Ka rubuta adadin da sunan mutumin ka ba iyalinka su sani, saboda rai. Idan an yi iya ƙoƙari an fid da rai da samunsa, malamai sun ce a yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je gare shi, in kuma daga baya ya bayyana sai a ba shi zaɓi. Amma shekara biyu ko uku a halin yaƙi bai kai a fid da rai ba.
Ga mai tambaya ta asali kuma, Musulmi suna kan sharaɗinsu. Kwana 60 da ka sa wa hannu alƙawari ne. Haka shi ma kamfanin, haƙƙinka da ke hannunsa alƙawari ne.

Ɗan_MaiWurno:
Na gode Malam. Zan rubuta yau.

Baba_Misfala:
Maganar ɗan'uwanmu na Sudan ta tuna mini da lokacin rusau a Jidda, ƙarshen 2021 zuwa 2022. Gulail, Karantina, Sabil, Kandara, duk wuraren da mutanenmu suka yi shekaru. Za ka tashi ka ga an rubuta ikhla, wato a tashi, da jan fenti a bango. Waɗanda suka biya hayar wata shida gaba kuma ba su da takarda, da yawa ba su ga kuɗinsu ba. Masu akadin Ejar su ne suka samu abin riƙewa. Shi ya sa duk da na ce a yi mutunci, ban ce a bar takarda ba.
Mu kuma a Makka namu wa'adin daban ne tun da can. Gidajen da ke kusa da Harami da Aziziyya, da yawa hayar wata goma ake ba ka, da Zulƙida ta kama ka kwashe kayanka a zuba alhazai, sai bayan aikin Hajji ka dawo. Ba a ma sanar da kai, ka san da shi tun ranar shiga.

Hajiya_Aziziyya:
Wallahi Baba. Shekara shida ina wannan jigilar, katifu a kan mota zuwa Shara'i wurin yayata, kafin na samu inda ake ba ni shekara cikakkiya.

Lauyan_Gobe:
Ni ɗalibi ne a Madina, shari'a na karanta a gida kafin in zo. Abin da ke rikita mutanenmu shi ne sun zo da lissafin Najeriya a kai. A can ɗan hayar shekara, idan ba a rubuta wani abu daban ba, notis ɗin wata shida mai gida ke ba shi, na wata-wata kuma wata ɗaya, bayan nan a ƙara masa kwana bakwai kafin a je kotu. Shi ya sa mutum ke ganin ai ɗan haya ne ake lallashi. A wurin aiki kuma dokar ƙwadago ta can wata ɗaya ta ce ga wanda ya kai shekara biyar, mako biyu ga wanda ke tsakanin biyu da biyar. Nan ba haka ba ne, agogon yana kan ku biyun daidai, kuma na'ura ce ke ƙirgawa.

Nas_Riyad:
Tun da ana lissafo maddodi, bari in ƙara ɗaya don 'yan'uwana mata da ke aiki a asibitoci da makarantu. Madda ta 87: mace idan ta ajiye aiki cikin wata shida da ɗaurin aurenta, ko cikin wata uku da haihuwarta, cikakkiyar mukafa'a za a ba ta, ba a rage komai. Wata abokiyar aikina ta tafi wata huɗu bayan ta haihu, da ta sani da ta miƙa takardar da wuri.
Bakano_Sito, game da Riyad kuma, ka shirya wa haya, ta fi ta Jidda zafi. Abin da zai taimake ka, tun 25 ga Satumban 2025 an tsayar da ƙarin kuɗin haya a cikin Riyad na shekara biyar. Gidan da aka taɓa bayarwa haya, kuɗin akadin ƙarshe da ke Ejar shi ne kuɗinsa. Kafin ka biya arabun, wato kafin alƙalami, ka nemi a nuna maka. Kuɗin dillali kuma kashi biyu da rabi cikin ɗari ne na hayar shekara. Idan yaranka suna makaranta, ka fara neman unguwa tun yanzu don canjin makaranta ya zo da sauƙi.

Direban_Dammam:
To ni abin da ban gane ba, idan ya ƙi sabunta gidan Jidda kuma ya zauna ya ƙarasa akadin aiki, ai akwai kusan kwana 50 da ba shi da wurin kwana shi da iyali. Ina za su?

Hajiya_Aziziyya:
A nan ne maganar Baba za ta yi amfani. Idan sun rabu da mai gidan da mutunci, sai ya roƙe shi su yi sabon akadi gajere na 'yan watanni. In ya ƙi, akwai shiƙaƙ mafrusha, wato gidaje masu kayan ɗaki a ciki, na wata-wata, suna da tsada amma ba su kai hayar shekara ba. Ko ya tura iyalin Riyad su riga shi.

Injiniya_Yanbu:
Ko kuma ya yi abin da na ce tun farko, ya zauna da mudirinsa su yi magana. Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba: rabuwa da yardar juna a rubuce. Idan kamfanin ya yarda aka rufe akadin a haka, ba istiƙala ba ce. Shekara kusan bakwai yana riƙe musu sito, idan bai taɓa cin amanarsu ba, me zai hana su yi masa wannan? Ya ce zai koya wa wanda zai gaje shi aikin, ya yi musu jardi, wato ƙidayar kayan sito, cikakke kafin ya tafi.

Akawu_Madina:
Wannan hanya ce mai kyau idan ta samu. Sharaɗina ɗaya, ya karanta dalilin da aka zaɓa a Qiwa kafin ya danna amincewa. Na ga inda aka yi magana da baki a kan yardar juna, aka je aka rubuta istiƙala. Kuma kar ya sa hannu a takardar mukhalasa, wadda ke cewa ya karɓi duk haƙƙinsa, sai kuɗin sun shiga asusunsa. Doka ta ba kamfani mako ɗaya ya biya idan akadi ya ƙare, mako biyu idan ma'aikaci ne ya katse. Kuɗin hutun da bai ci ba ma yana ciki, da takardar shaidar aiki kyauta. In sun ƙi, sai ya shigar da ƙara a taswiya waddiyya, wato sashen sulhu na ma'aikatar ƙwadago, kwana 21 na aiki ake ba sulhu, in bai yiwu ba a wuce kotun ma'aikata. Kuma kar ya bari wata 12 su wuce, bayan nan kotu ba ta saurara sai da uzuri.

Mai_Shayi_Batha:
A ƙara da wannan: wanda kamfani ne ya ba shi wa'adin sallama, yana da yini guda a kowane mako, ko awa takwas, na fita neman aiki kuma a biya shi. Ni ban sani ba sai da nawa ya wuce.

Bakano_Sito:
Jama'a Allah ya saka da alheri. Ga inda aka kwana. Na je wurin mai gidan jiya bayan la'asar kamar yadda Baba ya ce. Ya yi shiru, sannan ya yi mini addu'a, ya ce in danna abin da zan danna. Na danna a gabansa, saƙon ya shigo wayarsa. Maganar ƙarin wata biyu kuma ya ce sai ya yi shawara da ɗansa, don ɗan ne ke kula da Ejar ɗin, kuma akwai wani ɗan'uwansu da ya daɗe yana son shiƙƙar.
Mutanen Riyad na kira su, sun ce za su tura tayin a Qiwa farkon mako, amma wata huɗu ya yi musu yawa, iyakarsu wata uku. Ƙarin da suka yi mini 1,800 ne. Mudirina yana tafiya sai ranar Lahadi zai dawo, ban yi masa maganar ba tukuna.

Injiniya_Yanbu:
Wata uku da wata huɗu, tazarar wata ɗaya ce. Kana da kwanakin hutu da ba ka ci ba?

Bakano_Sito:
Ina da kwana 26.

Injiniya_Yanbu:
To ka sa wannan a cikin maganar da za ku yi ranar Lahadi.

Akawu_Madina:
A yi hattara a nan. Hutu ba ya gajarta akadi, yana cikin hutun ma ma'aikacinsu ne, kuma ba zai fara aiki a wani wuri ba sai naƙali ya kammala. Abin da hutun zai ba shi shi ne lokacin kwashe kaya da neman gida. Da 1,800 ɗin nan, ni har yanzu ina ganin ya roƙi na Riyad su ƙara masa wata ɗayan.

Baba_Misfala:
Ɗana, ranar da za ka fita daga gidan, ka ɗauki hoton mitar wuta da kowane ɗaki, ka biya bil ɗin ƙarshe, ka miƙa makulli hannu da hannu a rubuta a Ejar cewa ka miƙa, don kuɗin ta'amininka, wato na ajiyar jingina, su dawo. Ka gaishe mini da dattijon.

'Yar_Zinder:
Anti Nas, an buɗe mini Musaned ɗin. Akadin saura wata biyar, ba bayan azumi ba kamar yadda na zata. In tura mata saƙon tun yanzu ko in bari ya matso?

Nas_Riyad:
Tura yanzu, da lafazi mai daɗi, ki sa ranar da akadin zai ƙare a ciki. Fasfonki yana hannunki ko yana wurinta?